Gidan Ɗan'uwa da Sunanka a Takarda: Ina Matsayin Tallafin Kuɗin Haya?

Cikin tambayoyin da 'yan'uwa mazauna Birtaniya suke kawo mana a kan tallafin kuɗin haya, akwai guda ɗaya da ba a cika yinta da ƙarfi ba. Sai an gama maganar albashi da ta yara da ta mai gida, mutum ya miƙe zai tafi, sa'an nan ya ce akwai wani gida da mahaifiyarsa take ciki, amma sunansa ne a takarda. Waɗansu gado ne ya faɗo musu tare da 'yan'uwa. Waɗansu sun taimaki iyaye sayen gidan hukuma da suka daɗe suna haya a ciki, abin da dokar gidaje ta 1980 ta ba da dama. Waɗansu kuwa gini suka yi wa tsohuwa a Jos ko Zariya ko Maraɗi da ɗan abin da suka tara. Tsoronsu duka iri ɗaya ne: in sun faɗa, za a yanke tallafi, in sun yi shiru, ba su san ranar da asiri zai tonu ba.

Amsar a taƙaice ita ce, sunanka a takardar gida ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Akwai hanyoyi da doka da kanta ta tanada waɗanda suke sa a ƙyale gidan gaba ɗaya, ko a yi masa ƙima kaɗan. Amma duk waɗannan hanyoyi na wanda ya bayyana gidan ne. Wanda ya ɓoye ya rufe wa kansa ƙofa.

Tallafin nan iri biyu ne yanzu, kuma ya kamata kowa ya san wanne yake karɓa, gama dokokinsu sun ɗan sha bamban. Na farko shi ne tsohon tsari, Housing Benefit, wanda ƙaramar hukuma take biya. Na biyu shi ne Universal Credit, wanda Ma'aikatar Ayyuka da Fansho take biya, kuɗin haya kuma yana cikinsa. An fara shi a 2013, daga ƙarshen 2018 kuma yawancin masu shekarun aiki ba su iya buɗe sabuwar buƙata a tsohon tsari. Waɗanda suka rage a Housing Benefit su ne waɗanda suka kai shekarun fansho, da masu zama a masaukin wucin gadi ko gidajen da ake ba da kulawa ta musamman. Abin da za mu faɗa ya shafi Ingila da Wels da Sikotilan. Ayalan ta Arewa tana da nata dokokin, ko da yake sun yi kama. Wanda kuma aka rubuta a izininsa na zama cewa ba shi da damar taɓa kuɗin jama'a, wannan bayani ba nasa ba ne, domin tallafin biyu duka suna cikin abin da aka hana shi.

Iyakar dukiya

Dukan tsarin biyu suna duba abin da mutum ya mallaka, ba abin da yake samu a wata kaɗai ba. Ajiyar banki dukiya ce, hannun jari dukiya ne, fili da gida ma dukiya ne, ban da gidan da kai kanka kake zaune a ciki. Ana haɗa naka da na matarka ko mijinki a lissafa tare. In jimlar ta wuce fam 16,000, babu tallafi. In ba ta kai fam 6,000 ba, ba a kula da ita. Tsakanin biyun, Universal Credit yana rage fam 4.35 a wata a kan kowane fam 250, ko da bai cika ba. Wato mai fam 9,100 ya wuce iyakar ƙasa da fam 3,100, za a ƙirga masa kashi 13, a rage fam 56.55 kowane wata.

Ga masu shekarun fansho akwai sauƙi. Iyakar ƙasa fam 10,000 ce, sa'an nan a ɗauka kowane fam 500 da ya hau kai yana kawo fam 1 a mako. Wanda kuma yake karɓar ɓangaren lamuni na Pension Credit, iyakar fam 16,000 ba ta aiki a kansa a Housing Benefit.

Fam 6,000 da fam 16,000 ɗin nan na masu shekarun aiki suna nan yadda suke tun Afrilu 2006, alhali kuɗin gidaje ya yi ta hawa. Shi ya sa ko ɗan kaso a cikin ƙaramin gida a Ingila yakan isa ya tsallake da mutum iyaka. A ganinmu wannan bai yi daidai da halin da ake ciki ba, amma haka dokar take.

Na wane ne a gaskiya?

Dokar Ingila ta bambanta wanda sunansa yake a rajistar filaye da wanda amfanin gidan yake nasa. Mu da muka san riƙon amana ba za mu sha wuyar gane wannan ba. In yayanka ya ba ka kuɗi ka saya masa gida da sunanka domin ba ya ƙasar, shi ya biya komai, shi zai karɓi kuɗi ranar da aka sayar, to kai mai riƙo ne, gidan ba dukiyarka ba ne. Haka nan wanda aka ba takardar wakilci ya kula da harkokin mahaifinsa da ya tsufa, ko wanda aka naɗa ya raba gado: kula da abu dabam, mallakarsa dabam.

Matsalar ita ce shaida. Jami'in da yake duba takardunka zai fara ne da ɗauka cewa mai suna shi ne mai gida, nauyin nuna akasin haka kuma yana wuyanka. "Kowa a dangi ya sani" ba ta wadatar a ofis. Abin da yake aiki shi ne takardun banki da suka nuna daga ina kuɗin saye ya fito, wa yake biyan bashin banki wata-wata, wa ya biya gyaran rufi, da wasiƙu ko saƙonnin da aka yi a lokacin saye, ba waɗanda aka rubuta jiya ba. Mafi ƙarfi duka ita ce takardar amana da lauya ya rubuta tun farko. Wanda bai saya ba tukuna, kuma ana roƙonsa ya ba da aron suna, muna ba shi shawara kada ya sa hannu sai an rubuta wannan takarda. Kuɗin lauyan bai kai asarar tallafin wata biyu ba a yawancin lokuta, kuma takardar tana kashe rigimar gado tun ba ta taso ba.

A 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta duba shari'ar wata tsohuwa da ta sayi gidan hukuma, ɗanta ya ba da kashi biyar cikin shida na kuɗin. Ma'aikata ta lissafa mata rabin gida tun da su biyu ne. Kotu ta ce a'a, kashi ɗaya cikin shida ne nata, shi za a ƙirga. A Universal Credit ma ƙa'idar ita ce a ɗauka rabo daidai ne sai in an kawo shaidar da ta nuna ba haka ba. Wannan yana da muhimmanci ga gidajenmu, inda rabon gado ba lallai ya zo kai-da-kai ba. Macen da kasonta ya gaza na 'yan'uwanta maza ta nemi takardar rabon gadon, kada ta bari a lissafa mata abin da ba ta samu ba.

Wane ne yake zaune a ciki?

A nan ne mutane da yawa suke samun kuɓuta, a nan ne kuma waɗansu suke faɗawa rami. Ko da gidan naka ne ɗungum, ba za a ƙirga shi ba muddin wani ɗan'uwanka yana zaune a ciki a matsayin gidansa, kuma ɗan'uwan ya kai shekarun fansho ko kuwa rashin lafiya ko naƙasa ta hana shi aiki. Babu iyakar lokaci, babu iyakar ƙima. Gidan fam 300,000 da mahaifiya mai shekara 74 take ciki, a lissafin tallafi sifili ne. Shekarun fansho sun zama 66 a Oktoba 2020, an kuma tsara hawansu a hankali zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, saboda haka mai shekara 66 a duba ranar haihuwarsa da kyau. Uwa mai shekara 60 da ƙoshin lafiya ba ta shiga ciki, ko da ba ta da ko kwabo.

Sai dai kalmar ɗan'uwa a bakin doka ba ta da faɗin da take da shi a bakinmu. Mu baffa uba ne, ƙanwar uwa uwa ce, ɗan baffa kuwa ba ma cewa komai sai ɗan'uwa. Doka jeri ta yi. A Universal Credit waɗanda aka yarda da su su ne uwa da uba, surukai iyayen mata ko na miji, ɗa da 'ya da matan 'ya'ya da mazajensu, matar uba da mijin uwa, agola, wa da ƙane da ya da ƙanwa, da kuma mata ko mijin kowane ɗayansu. 'Yan uba da waɗanda aka haɗa uwa kaɗai suna ciki. Kaka ba ta ciki. Kawu, baffa, gwaggo da inna ba su ciki.

Housing Benefit ya fi faɗi: ya ƙara da kakanni, jikoki, 'yan'uwan uwa da na uba, da 'ya'yan wa ko na ƙane. Amma ko shi bai san abokin wasa ba. Ku lura da abin da wannan yake haifarwa. A ce mace ce gwaggonta ta riƙe ta tun tana goye, ta yi mata aure, ba ta san wata uwa ba sai ita. Ta girma ta saya wa gwaggon ɗan gida. In tana karɓar Housing Benefit, ba za a ƙirga gidan ba. In Universal Credit take karɓa, za a ƙirga shi, gama riƙo irin namu ba shi da gurbi a jerin sai in kotu ce ta mai da ita 'ya a hukumance. Wanda aka ɗauke shi daga tsohon tsari zuwa sabo, kuma kaka ko kawu ne a gidan, ya nemi shawara, kada ya ɗauka abin da aka ƙyale masa da can yana nan.

Maganar rashin lafiya ma ta bambanta. Universal Credit yana neman a nuna cewa ƙarfin ɗan'uwan na yin aiki ya ragu bisa ma'aunin ma'aikata. Dokar Housing Benefit ba ta fayyace kalmar ba, sai ƙaramar hukuma ta duba irin tallafin rashin lafiya da mutumin yake karɓa ko takardar likita.

Abu ɗaya da ake mantawa: wannan rangwame yana tafiya ne da mai zama. Ranar da tsohuwa ta rasu, ko ta koma gidan kula da tsofaffi ba da niyyar dawowa ba, rangwamen ya ƙare. Mun san cikin zaman makoki ba wanda hankalinsa yake kan ofishin tallafi, amma lissafi yana tafiya. Abin da doka ta tanada a nan shi ne, in ka fara ɗaukar matakin sayarwa na gaskiya, kamar ba dillalin gidaje ko ganin lauya, za a ƙyale gidan na mako 26 a Housing Benefit, wata shida a Universal Credit, ana kuma iya ƙarawa in akwai dalili. Haka ma in kana shirin komawa cikinsa da kanka, kana gyaran da ba a iya zama sai da shi, ko kana shari'ar karɓarsa.

In rangwamen bai same ka ba, saura ƙima. Ba kuɗin da aka saya ake dubawa ba, abin da zai yi a kasuwa yau ne. Daga ciki a cire kashi 10 cikin ɗari na ɗawainiyar sayarwa, a cire bashin da aka jinginar da gidan a kansa. Gidan fam 180,000 mai bashin fam 150,000: a cire fam 18,000, a cire bashin, saura fam 12,000. Mai shi, in ba shi da wata ajiya, bai fita daga Universal Credit ba, za a dai rage masa fam 104.40 a wata. Bashin da ba a jingina shi da gidan ba, kamar rancen da aka karɓa wajen aboki, ba a cire shi.

Gidan tarayya kuma ba a raba kuɗinsa da yawan masu shi kurum a ce an gama. Tambayar ita ce, nawa mai saye zai biya a kan kasonka shi kaɗai? 'Yan'uwa huɗu sun gaji gidan fam 200,000, ɗaya yana ciki da iyalinsa, ya ce ba ya tashi. A takarda kowa yana da fam 50,000. A kasuwa kuwa, wa zai sayi rubu'in gidan da ba zai iya shiga ba sai ya kai mutane kotu? Ƙimar irin wannan kaso tana iya sauka ƙwarai. Ba a yin wannan ragin haka kawai. Sai ka bayyana wa yake ciki, tun yaushe, da ko sauran sun yarda a sayar, ka kuma nemi a sa ƙwararren mai ƙima ya duba.

Gidan da yake gida

Mutane da yawa suna zaton abin da yake Nijeriya ko Nijar ko Gana ba ruwan Birtaniya da shi. Ba haka ba ne. Takardar neman tallafi tana tambayar dukiya a ko'ina take, ana kuma ƙimanta ta da farashin ƙasar da take, a juya zuwa fam. Sai dai sassaucin da muka ambata ba a ce sai gidan yana Birtaniya ba. Gidan da mahaifinka mai shekara 70 yake zaune a ciki a Kafanchan, ka nemi a ƙyale shi kamar yadda za a ƙyale na Manchesta. Wuyar ita ce shaidar shekaru, tun da yawancin iyayenmu ba a yi musu takardar haihuwa ba. A tattara abin da yake akwai: fasfo, katin ɗan ƙasa, takardar rantsuwar shekaru daga kotu, takardar fansho, da wani abu da ya nuna a gidan yake zaune.

Fili wanda ba a gina ba, ko ginin da ya tsaya a linta, ba mai zama a ciki, saboda haka ana ƙirga shi. Amma kada a firgita tun ba a yi lissafi ba. In aka juya naira zuwa fam, aka cire kashi goma, sau da yawa abin ba ya kai yadda ake tsoro. Kaso a gidan gado na cikin gari, wanda mutum goma sha suke da haƙƙi a kai, shi ma ƙimarsa ita ce abin da wani zai yarda ya biya a kan kason. A nemi rubutacciyar ƙima daga mai ƙimar gidaje da yake da rajista, ba ta baki daga dillalin unguwa ba.

Akwai kuma dabarar da takan zo wa kowa a rai, wato a mai da gidan sunan ƙane kafin a cika takarda. Kada a yi. In ma'aikata ta gamsu cewa neman tallafi yana cikin manyan dalilan da suka sa ka rabu da dukiya, za ta lissafa maka ita kamar tana hannunka. Ka ga an yi biyu babu: gida ya tafi, tallafi bai zo ba. Mai da suna ga ainihin mai gida, in amana ce tun asali kuma akwai shaida, wannan dabam ne, amma ko shi a yi shi da sanin ofis.

In ɗan'uwa ne mai gidan haya

Ɗaya gefen maganar shi ne inda ɗan'uwan da yake cikin gidanka ne yake neman tallafi domin ya biya ka haya. Doka ba ta hana haya tsakanin dangi ba. Abin da ta hana shi ne biyan tallafi in mai gidan dangi ne na kusa kuma yana zaune a gidan tare da mai hayar. In ba tare kuke ba, ana iya biya, da sharaɗin hayar ta gaskiya ce: akwai yarjejeniya, akwai kuɗin da aka tsayar, ana biya a kan lokaci ta hanyar da za a iya nunawa, ba kuma an ƙirƙiro ta ba ne don a ci kuɗin hukuma. Za a tambaya ko an taɓa biyan haya kafin a nemi tallafi, da abin da za ka yi in an daina biya. Wanda ya amsa cewa ai ba zai taɓa yi wa yayarsa maganar kuɗi ba, ya faɗi abin da zuciya take so, amma ya raunana buƙatar yayar.

Housing Benefit yana da wata ƙa'ida ta musamman a nan. Wanda ya taɓa mallakar gidan da yake ciki, ya sayar ko ya bayar, sa'an nan ya koma ɗan haya a cikinsa, ba za a biya masa ba sai shekara biyar ta wuce, in ba ya nuna cewa ba yadda zai ci gaba da zama a gidan ba tare da ya rabu da mallakarsa ba, misali banki yana gab da ƙwacewa. Iyayen da suke tunanin mai da gida sunan 'ya'ya sa'an nan su nemi kuɗin haya, su san da wannan.

Game da yin shiru, ga abin da yake biyo baya. Rajistar filaye ta Ingila a buɗe take, kowa yana iya neman kwafin takardar gida da kuɗi kaɗan, ofisoshin gwamnati kuma suna gwada bayanansu da juna. In aka gano, za a nemi a mayar da duk abin da aka biya fiye da ƙa'ida, ko na shekara nawa ne. Ana iya ƙara tarar fam 50 a kan sakaci. In ana ganin da gangan ne, ana iya miƙa tarar rabin kuɗin a madadin kotu, mafi ƙaranci fam 350, mafi yawa fam 5,000, ko a gurfanar da mutum. Abin takaicin shi ne, waɗansu da suka shiga wannan hali gidan da suka ɓoye ba a ma ƙirga shi da sun faɗa. Wanda ya riga ya yi shekaru bai bayyana ba, ya ga mai ba da shawara tukuna, sa'an nan ya sanar da kansa. In kuma an riga an kira shi ganawar bincike, kada ya je sai ya yi magana da lauya.

Mai Universal Credit yana sanar da canji ta shafinsa na intanet, mai Housing Benefit ya rubuta wa ƙaramar hukuma ya ajiye kwafi. In hukunci ya fito ba ka gamsu ba, wata ɗaya gare ka daga ranar da take jikin wasiƙar. A Universal Credit sai ka fara neman ma'aikata ta sake dubawa, in ta tsaya a kan bakanta ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafin tallafi, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar kuma ba a biyan kuɗin shiga. A Housing Benefit takardar ƙarar ƙaramar hukuma ake kai wa, ita ta tura. In wata ɗayan ya wuce da dalili mai ƙarfi, ana iya karɓa har zuwa wata 13. Citizens Advice da Shelter suna ba da shawara kyauta a kan wannan. Ranar zuwa a riƙo wasiƙar hukuncin, da takardar gidan, da ta bashin banki, da shaidar shekarun wanda yake zaune a ciki.